Ɗigo Uku da Saƙon da Ban Kai da Bakina Ba

Yanzu da Goggo Dija ta kwanta dama, Allah Ya ji ƙanta, zan rubuta abin da ya sami cikin Addarku, babbar yayarku, don na gaji da ganin ƙarya tana yawo a gidan nan da zane da ɗankwali. Kun daɗe kuna jin cewa allurar Legas ce ta zubar da cikin, kuma ni ce da bokona na tura ta. Har a zaman makokin Goggo na ji wata tana maimaitawa, tana tauna goro tana kallona ta wutsiyar ido. Ban tanka ba, saboda ba a gidan gawa ake irin wannan magana ba. Amma yau ina ɗakina da biro a hannu, kuma Addarku da kanta ta ce in rubuta, kada in rage komai, har nawa laifin. Allura ba ta yi komai ba. Mu biyu muka yi, ni da Goggo, kuma har yau ban san wadda nata ya fi nauyi ba.

Ku 'yan baya kun same ni da sauƙi. Na goya ku, na zage ku, na kira sunanku da ƙarfi har maƙwabta suna ji. Addarku ba ta sami wannan ba, domin ita ce ta fari. A gidan da na taso, da gidan mahaifinku, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ci da wuta. Ana yaye Addarku, Goggo Dija, yayar mahaifinku, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Ita ta raine ta, ita ta aurar da ita. Ni kuwa "yarinyar nan" nake ce mata, kuma mutane suna yabona a kan haka, ina jin daɗin yabon. Ku duba abin takaicin. Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma a asibiti. Matan Vimtim da na Muchalla sun san bakina, ba na ɓoye wa mace komai game da jikinta. Na sha tsayar da namiji mai furfura a ƙofar ɗakin haihuwa in gaya masa abin da uwarsa ma ba za ta iya gaya masa ba. Amma 'yar da na haifa da cikina, ko "ya jiki" ba na iya ce mata sai na aiki wani.

Haihuwa ta yi wa Addarku wuya. Ta daɗe ba ta samu ba, da ta fara samu ta yi ɓari biyu. Na uku ya kai wata tara, aka haifi namiji ɗan mitsitsi, hannayensa a dunƙule, yatsu sun hau juna, ba ya iya kama nono. Ina ganinsa na san ba mai zama ba ne. Kwana tara ya yi. Zan faɗi gaskiya a kan Goggo a nan, don kada ku ce fushi ya rufe mini ido: ita ta riƙe yaron nan kwana taran, tana ɗiga masa nono da cokali, yana shiɗewa tana hura masa iska a fuska, kuma a cinyarta ya cika. Ni ina daga bakin ƙofa, ina kunya.

Da wani cikin ya sake shiga, Addarku ta kusa arba'in. Wani likita a Yola ya gaya wa mijinta, Malam Buba, cewa akwai gwajin da ake yi tun ciki yana wata uku, a gane ko abin da ya sami wancan yaron zai sake dawowa, amma sai a Legas. Malam Buba dillalin shanu ne, hanyar kudu hanyarsa ce, sai ya ɗauke ta suka tafi. Ba ni na tura su ba, ban ma ji ba sai da suka kama hanya. Gwajin ba tsafi ba ne, bari in gaya muku yadda yake. Ana sa siririyar allura ta ciki, ana kallo a na'ura, a ɗan tsinko wani abu kaɗan daga mabiyiya, ba a taɓa ɗan. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zaruruwa da suke zuwa biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sai a zuba wani rini mai haske wanda yake neman zaren da ake zargi ya manne masa. In aka leƙa ta madubin likita aka ga ɗigo biyu suna haske, lafiya. In aka ga uku, zare ya yi yawa, irin na yaron da ya rasu ke nan. Wannan sakamakon gaggawa ne, yana fitowa cikin kwanaki kaɗan. Akwai na biyu, wanda ake renon ƙwayoyin a kwalba sati biyu zuwa uku a ƙirga zaruruwan duka, kuma shi ne ake jira kafin a ce komai.

A takardar asibitin, lambar wayata Addarku ta rubuta, don ni ce zan gane maganar likita. Ba ta gaya mini da bakinta ba. Ta gaya wa mijinta, shi ya gaya wa Hammanku, babban wanku, Hammanku ya zo ya gaya mini, ya miƙo mini katin likitar da ta yi gwajin. Haka muke magana a gidan nan, ta bayan katanga. Malam Buba ya sa ta a hanya ta dawo, shi ya tsaya a kudu da shanunsa. Ta iso Mubi ke nan aka yanke layukan waya gaba ɗaya, lokacin dokar ta-ɓaci, sojoji a kowace mararraba. Ba kira, ba saƙo. Likita ba ta da hanyar samuna, sai dai ni in neme ta.

Ina da tsohuwar abokiyar aiki, Rifkatu, 'yar ƙabilar Gude, tare muka yi ritaya. A gonarta akwai wani dutse da in ka hau, layin Kamaru yana kamawa, kuma tana da irin katin wayarsu. Can na tafi da hantsi, gyaɗa ta fara tsiro, na tattare zane na hau dutsen nan da gwiwoyina masu ciwo. Likitar mace ce, ta yi mini Turanci a hankali, da ta ji ni ungozoma ce ta ƙara buɗe mini. Ta ce a wasu ƙwayoyin an ga ɗigo uku, a wasu an ga biyu. Ta ce in aka ga haka a gauraye, sau da yawa matsalar a mabiyiya kaɗai take tsayawa, ɗan yana nan lafiya. Ta ce ba a yanke hukunci da wannan, a jira na biyu, in ma da sauran shakka akwai gwajin ruwan ciki nan gaba. Sau uku ta ce a jira. Ta kuma ce in zaunar da mai cikin in yi mata bayani da kaina, don kada ta firgita. Na ce to.

Da na sauko na gaya wa Rifkatu. Ta san gidanmu, ta san halina. Hausarta irin ta nan ce, ba ta raba mace da namiji. Ta riƙe mini hannu ta ce:

"Sista, ka je da ƙafanka. Wannan ba maganan aika ba ne. Ka zauna kusa da shi ka faɗa masa ɗaya-ɗaya."

Na ce, "Kin san al'adarmu."

Ta ce, "Al'adan ne ya yi karatun nas, ko kai?"

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Na shiga keke mai ƙafa uku na nufi unguwar su Addarku da niyyar shiga. Na sauka a bakin layinsu, na hango ƙofar gidan. Sai na fara tunanin yadda zan zauna a ɗakin surukina, a gefen gadonsa, in buɗe baki in ce wa 'yar fari "cikinki". Ni da na sa hannu a jikin mata dubu, kalma ɗaya ta gagare ni. Na juya na tafi gidan Goggo Dija, ina gaya wa kaina cewa ita ce uwarta ta gaskiya, ita ya kamata ta faɗa.

Na same ta tana tankaɗe garin masara. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ko a gabanta ban iya maganar kai tsaye ba, don yayar miji ce, sai na bi ta gefe.

"Goggo, a gaya wa yarinyar nan an ga wani abu a gwajin, amma ba a tabbatar ba. Ta jira sati uku."

Ta ajiye rariya. "Irin na wancan ne?"

"Shi ake zargi. Amma wasu uku ne, wasu biyu, wataƙila a mabiyiya kawai yake."

"Ban san uku da biyu ba. Sun gani ko ba su gani ba?"

"Sun ga wani abu."

"To."

Wannan "to" ɗin ya kamata ya tsayar da ni. Na san mace in ta ji rabin magana ta rufe kunne, aikina ne sanin haka. A asibiti da sai in sa ta maimaita mini abin da na ce har sai ya fito daidai. Amma a gaban Goggo ni matar ƙane ce, ba a sa yayar miji ta maimaita karatu. Na yi mata sallama na tafi gida ina jin na sauke nauyi.

Abin da ya faru bayan nan, daga baya na haɗa shi, rabi daga bakin Addarku, rabi daga bakin Goggo. Goggo ta zauna ta ƙirga da yatsu, daga wankan al'adar Addarku na ƙarshe. Ta ga in aka ƙara sati uku, ciki ya doshi wata huɗu, lokacin da ta ji malamai suna cewa ana busa rai. A lissafinta, jiran nan tarko ne: in aka jira, ƙofa ta rufe, 'yarta za ta sake ɗaukar wata tara ta haifi abin da zai mutu a cinya. Ba ta tambayi malami ba, ba ta dawo ta tambaye ni ba. Ta je ta ce wa Addarku:

"Uwarki ta yi magana da likita. Irin na wancan ne."

Addarku ta ce, "Dada ce ta faɗa?"

"Ita ta zo har gida. Ungozoma ce, da akwai mafita ai da ta shigo da kanta."

Ba waya da za ta kira likita, ba miji a gari, uwar da ta haife ta kuma ba ta taka ƙofarta ba. Wa za ta tambaya? Washegari Goggo ta kawo jiƙo a gora daga wurin wata mata, ta haɗa da wasu ƙwayoyi da aka sayo mata a kemis a ƙulle cikin leda. Addarku ta sha tana kuka.

Kwana biyar ban ji komai ba, ina zaune ina ganin na yi abin kirki. Rana ta shida da azahar Goggo ta shigo gidana ba mayafi, ta ce in zo. Tun daga zaure na ji warin, na san shi, wari ne da ba ya ɓata wa ungozoma. Ciki ya fita amma bai fita duka ba, kwana uku tana zubar da jini suna ɓoyewa, jikinta kamar garwashi. Ranar ce na fara taɓa jikin 'yata tun da aka yaye ta. Muka sa ta a keke. Tsakanin gidan da asibiti shingen sojoji uku ne, a kowanne sai an sauka an ɗaga hannu, ni ina ɗaga hannu ɗaya, ɗayan ina tare ta kada ta faɗi. Yaran da na koya wa aiki su suka karɓe ta. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma mahaifar ta riga ta ruɓe. Likita ya fito ya ce ko a cire ta ko a rasa mai ita, kuma ni na sa hannu.

Muna zaune a barandar asibiti dangi suka fara taruwa, kowa yana tambayar me ya faru. Sai na ji muryar Goggo, a natse, tana cewa:

"Allurar nan ce da aka soka mata a Legas. Tun da ta dawo ba ta ji daidai ba."

Ta ɗago ta dube ni. Na gane abin da take roƙo. In gaskiya ta fito, auren Addarku zai iya mutuwa, bakin duniya zai cinye ta, hukuma ma tana iya shigowa. Na yi shiru. Kada ku ɗauka don Addarku kaɗai na yi shirun nan. Har da kaina na rufa wa asiri, don in aka bi saƙon baya, a bakin layinsu za a same ni tsaye. Da Malam Buba ya dawo aka ba shi labarin allura, bawan Allah ya ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ya kai ta. Sai da ya yi shekara biyu yana ɗauke da wannan kafin Addarku ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya. Bai sake ta ba, bai kuma ƙara gaishe da Goggo ba. Sauran dangi kuwa, da suka ga shi ba ya karɓar laifin, sai suka juyo da shi kaina, mai boko.

Na sami Goggo ita kaɗai bayan an sallamo Addarku. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ni gidan nan ina amarya, ranar na ɗaga.

"Na ce a jira. Ina kika kai kalmar?"

Ta ce, "Ke kika riƙe wancan yaron? Ke kika ji yadda yake shiɗewa? Kina bakin ƙofa. Kullum kina bakin ƙofa, sai ki miƙo wa mutum wuta ki ce ya kai."

Na so in mare ta, kuma na so ƙasa ta tsage in shige, don ba ƙarya ta yi ba. Har ta mutu ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa take ta ceci 'yarta daga baƙin ciki. Ina jin haushinta har gobe, tana kabari ina jin haushinta, ina yi mata addu'a ina jin haushinta. Ina jin haushin duk tsohuwar da ta taɓa shafa mini kai ta ce Dada akwai kunya, ko sunan 'yarta ba ta faɗa. Ina jin haushin waɗanda har yau suke hana matansu zuwa awo suna kafa hujja da Addarku, suna cewa gwajin asibiti yana cinye ciki. Matar nan ta Legas ta yi aikinta daidai, ta faɗi abin da ta gani da abin da ba ta tabbatar ba, ba ta ƙara ba ta rage ba. A hannunmu maganar ta lalace, tsakanin tsakar gida biyu. Ku da kuke da 'ya'yan fari yanzu, in na ji ɗayanku ya aiki wani da maganar lafiyar ɗansa, ko ina kan gadon mutuwa sai na tashi na ci masa mutunci.

Layukan waya suka dawo bayan wasu makonni. Ina shanya wanki wayata ta yi ƙara, na ga lambar Legas. Likitar ce, muryarta cike da murna, ta ce ta yi ta nemana ba ta samu ba. Sakamako na biyu ya fito tuntuni. Duk ƙwayoyin da aka rena zaruruwansu daidai suke, biyu-biyu. Ta ce alama mai ƙarfi ce cewa abin a mabiyiya ya tsaya, amma a zo a yi na ruwan ciki don hankali ya kwanta. Ta ce mace ce. Sannan ta tambaye ni ya mai cikin take, ta fara jin motsi? Ban san abin da na ce mata ba. Ba zan rantse muku cewa yarinyar da za a haifa lafiyayya ce ba, Allah kaɗai Ya san wannan. Abin da na sani shi ne ba a ba ta sati ukun da aka roƙa mata ba.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina tunanin wa zan aika. Wallahi wannan ne tunanin da ya fara zo mini, bayan duk abin da ya faru. Na jefar da zanen a ƙasa na ɗauki mayafi. Na shiga gidan Malam Buba, na shiga ɗakin, na zauna a gefen gadon. Addarku tana kwance ta rame, ɗinkin bai gama warkewa ba. Ta yunƙura za ta sauka ƙasa don girmamawa, na danne kafaɗarta. Na gaya mata abin da likita ta ce yanzu, har da cewa mace ce. Ba ta yi kuka ba. Tana kallon rufin ɗaki ta ce:

"Dada, ranar farko fa? Faɗa mini yadda ta faɗa miki."

Na faɗa mata duka, dutsen Rifkatu, ɗigo uku da ɗigo biyu, mabiyiya, gwajin ruwan ciki. Na faɗa mata na zo har bakin layinsu na juya.

"Ta ce a jira?"

"Ta ce a jira."

"Goggo ba ta kawo mini wannan ba."

"Na sani."

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Shekara goma sha huɗu nake jira, Dada. Sati uku ne zai gagare ni?"